Fayil Ɗin Surayya Toranke

Ranar Alhamis da hantsi wata budurwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Gaya, idanunta jawur. Insfekta Abdulmuttalib ne ya tarbe ta, mutumin da shekara ashirin a kaki suka koya wa kada ya yarda da hawaye. Sai dai ita ba kuka take ba, ta riga ta gama tun a hanya.

Sunanta Surayya, daga Toranke ta Ajingi. Gyaɗar gonar mahaifinta ce ta yi mata difloma a fannin shari'a. Wani ofishin lauyoyi a nan Gaya ya nemi akawu, ta je. Suka karɓi takardunta na ainihi wai za a tantance, suka sa ta gwajin sati uku tana buga takardun rantsuwa kyauta. Gwaji ya ƙare, ba aiki, ba takardu.

"Ranka ya daɗe, ranar Litinin wata ma'aikata a Kano za ta gan mu. Sun ce wanda ba shi da orijina kada ma ya shiga ƙofa."

Insfekta ya ɗauki hularsa.

Mai ofishin, Barista Kamalu, ya tarbe shi da fara'a irin ta wanda ya saba da 'yan sanda.

"Mu fotokwafi kawai muke karɓa, Insfekta."

"To waccan sanarwar ta bango da ta ce a zo da takardun ainihi fa?"

Barista ya gyara zama. "Wannan harkar sakatare ce."

Sakataren, Malam Ɗanladi, ya dafa ƙirji. "Wallahi na mayar mata hannu da hannu. Ga shaida nan." Ya nuna wani saurayi da ke dannar kwamfuta a lungu. Muzammil ke nan daga Kademi, shi ma ɗan gwaji, satinsa na biyu.

"Haka ne, yallaɓai, a gabana," ya faɗa, bai ko ɗago kai ba.

Insfekta ya jawo durowar da aka rubuta wa "Masu Neman Aiki". Wayam. Ofishin da ke tara matasa duk wata, amma ko fayil ɗaya babu.

Ya rufe durowar ya fita, don ya san inda tsofaffin takardun ofis suke ƙarewa a garin nan. Nasu ofishin ma ba waliyyi ba ne.

Washegari da safe ya bi masu ƙosai ɗaya bayan ɗaya. A wajen ta huɗu, Hanne ta bakin tasha, aka naɗe masa ƙosai a wata wasiƙar neman aiki. Ga hoton Muzammil maƙale a kai, yana murmushi cikin mai.

"Iya, wa ke kawo miki takardun nan?"

"Malam Ɗanladi mana, ɗan nan. Buhu guda duk wata."

"Akwai masu kauri a ciki? Masu jan tambari?"

"Ai waɗannan ba sa naɗuwa. Da su nake tayar da wuta."

Insfekta ya ajiye ƙosan. Ya zazzage buhun a ƙasa, ya tona har tokar murhu. Abin da ya samu guntun diflomar shari'a ne, irin ta Surayya, tambari na nan, amma wajen suna ya ƙone. Ƙosan ma ya fita ransa.

Ya koma ofishin lauyoyin, ya ajiye wa Muzammil wasiƙarsa a kan kwamfuta.

Saurayin ya daɗe yana kallon hotonsa. "Malam Ɗanladi cewa ya yi in na mara masa baya ni za a ɗauka," ya faɗa. "Ban ga komai ba, yallaɓai. Nawa takardun ma suna hannunsa."

Insfekta ya juya ga Ɗanladi. "Sai kai."

Ɗanladi ya zube a kujera. "Babu wani gurbin aiki, ranka ya daɗe. Ba a taɓa yi ba. Su yi mana aikin sati uku, su tafi, wasu su zo. Orijina kuwa don kada su gudu a tsakiya ne. In wata ya ƙare in kwashe durowa. Wannan karon ban tsaya warewa ba."

"Barista ya sani?"

"Ban san zancen ba," in ji Barista daga ƙofa, yana duba wayarsa. Babu sa hannunsa a ko'ina, kuma ya fi kowa sanin haka.

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya tasa ƙeyar Ɗanladi zuwa mota.

Surayya na kan benci a caji ofis tun safe. Insfekta ya miƙa mata guntun a cikin ambulan. Ta ciro, ta shimfiɗa a cinya, tana goge tokar da bakin hijabinta.

"Sabuwa fa, ranka ya daɗe?"

"Makaranta sai ta ga rahotonmu da takardar rantsuwa. Wata shida, in an yi sa'a."

Ta ɗaga guntun. "To in na kai musu wannan ranar Litinin, za su karɓa?"

Ya san ba za su karɓa ba. Kwana biyu yana kama masu ƙarya, ga shi an zo kansa.

"Ki je ki gwada, 'yata," ya ce.

Ta yi godiya har ƙasa, ta fita neman motar Ajingi.