Man Gyaɗa a Kwalbar Ɓeraye

Ɗaukar kayan wani laifi ne. Ɗaukar abin da ba ka san aikinsa ba kuwa, wauta ce a kan laifi.

A wani ɗakin gwaji a Dutsin-Ma, Mardiya na aikin kammala digirinta. Tana ɗura wa ɓeraye masu ciki wani magani ruwan ɗorawa, dangin bitamin A, don ta ga yadda yake hana gadon bayan ɗan tayi rufewa. Ranar dubawa, 'yan tayi arba'in, kowanne bayansa lafiya lau. Malaminta ya ce ba ta yi aikin ba, ya ba ta sati guda ta wanke kanta.

Ta kai kuka wurin Baba Sodangi, tsohon ɗan sanda mai gadin ginin. Ya shinshina kwalbar maganin, ya ce wannan man gyaɗa ne, irin na masu ƙuli-ƙuli.

Ya fara da Labaran mai ba ɓeraye abinci. Labaran ba shi da makullin firjin da ake ajiye maganin. Zaharaddin mai riƙe makullin kuwa, satin da za a fara ɗura maganin yana Kurfi jinyar mahaifinsa, ya bar shi hannun Fiddausi, 'yar ajin Mardiya. Sodangi ya tambayi Zaharaddin me maganin ke yi wa mutum. Ya ce ana sa ɗan ƙanƙani a man ƙurajen fuska, in ya yi yawa sai ya saɓule fata.

Sodangi ya kira Fiddausi, ta zo da takunkumi a fuska.

"'Yata, mura ce?"

"Mura ce, Baba."

"Sati uku kina wucewa ta gabana, ban ji tarinki ba. Sauke."

Kumatunta sun saɓule jawur. Ta ce a waya ta karanta yana kashe ƙuraje, ta juye shi ta cika kwalbar da mai.

Mardiya na wurin, kuma ta san Fiddausi amarya ce. Ta ce, "Fiddausi, kina da ciki?"

"Wata biyu."

Ranar aka kai ta asibiti. An ba Mardiya sababbin ɓeraye. Fiddausi ta rasa shekarar karatu, ta rasa fatar fuska, ta rasa ƙawa, kuma likita ya ce sai cikin ya kai wata biyar hoto zai nuna ko bayan ɗanta ya rufe.