Ɗigon Kusurwar Allo

"Odessa, ki kalle ni mana!"

Ban kalle shi ba. Idona na kan ƴar tagar ɗakin majigi, hannuna na kan makunnin inji na biyu.

"Wendell, don Allah matsa, ɗigo ya kusa fitowa..."

"Kullum ɗigo! Bas ɗina ƙarfe huɗu zai tashi, ke kina zancen ɗigo?"

Sai ga ɗigon ya ƙifta a kusurwar dama ta allo. Na kunna inji na biyu, ɗigo na biyu ya biyo baya, na juya hasken. Ƴan kallon da ke ƙasa ko sanin an canja faifai ba su yi ba.

Aikina ke nan a silimar Babana, a ɗan garinmu na Kentucky. Tsofaffin fina-finan ban tausayi muke haskawa, kowane fim faifai shida, kowane faifai minti ashirin. Ka rasa ɗigon nan mai nuna faifai ya kusa ƙarewa, allo ya yi fari fat, mutane su hau yi maka ihu. Shekara bakwai ke nan da idon Baba ya mutu, tun lokacin rayuwata a yanke take minti ashirin-ashirin. Ko bikin aminiyata ban je ba, don ranar Asabar aka yi.

Tsakanin faifai da faifai nake rubuta tatsuniyoyina. Akwai ta wata yarinya da aka kulle a hasumiya, dodo mai idon wuta biyu na gadinta, in ya rufe ɗaya sai ya buɗe ɗaya. Wendell, mawaƙin da ke kaɗa jita a ƙofar silima, shi ya tsinci littafin ya mayar da ita waƙa. Yanzu wani kamfanin waƙa a birnin Nashville ya kira shi, kuma sun ce ya taho da wadda ta rubuta baitocin.

"Tikiti biyu na yanka, Dessa tawa," ya ce yana tura ɗaya cikin aljihun rigata. "Muna sauka, coci za mu nufa a ɗaura mana aure."

"Baba fa?"

"Baba yana da silimarsa."

"Wa zai ga masa ɗigo?"

Ya san amsar, ni ma na sani.

"Ina son ki, Odessa... amma ba zan iya yin takara da inji ba."

Ya sauka. Na bi ƙarar takalminsa da kunne har ta ɓace, zuciyata na ƙuna.

Baba bai taɓa ƙaunar Wendell ba. Ina ƴar shekara tara Mamata ta bi wasu makaɗa ta tafi, ko wasiƙa ba ta aiko ba. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kullum maganarsa ɗaya ce: mawaƙi ba shi da gida sai hanya.

Ina cikin faifai na huɗu sai ga Charlene, mai sayar mana da tikiti da gugguru, ta leƙo da jan bakinta raɗau. Ta daɗe tana yi wa Wendell fari da ido, shi kuwa ko a jikinsa.

"Sannu da zama, sarauniyar hasumiya," ta ce tana murmushi. "Na gaya wa Babanki komai."

"Kin gaya masa me?"

"Cewa guduwa za ki yi ki bar shi, irin na uwarki."

"Charlene! Me na yi miki?"

"Ba komai. Ni ma Nashville zan je gaida innata, bas ɗin huɗu. Kar ki damu, zan kula miki da shi a hanya."

Ta juya tana rangwaɗa. Na so in bi ta in shaƙe ta, amma ina! Faifai na juyawa.

Saura minti goma sha biyar huɗu ta cika na ji ƙarar sanda a kan matakala. Ƙwas... ƙwas... Rabon Baba da hawa ɗakin nan tun ranar da ya miƙa mini makullinsa.

Ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Gaskiya ne abin da yarinyar nan ta ce?"

"Ba inda za ni, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Kina son sa?"

"Ina son sa, Baba... ina son sa kamar raina!"

Kuka ya ƙwace mini. Na juya ga taga, amma hawaye sun cika mini ido, allon duk ya zama ruwa. Na goge, wasu suka zubo. Na san ɗigo na kusa, kuma ba na ganin komai.

"Kunna!" Baba ya daka tsawa.

Na kunna.

"Ɗaya... biyu... dakata... juya yanzu!"

Na juya hasken. Fim ya ci gaba sumul, ba wanda ya yi ko tari a ƙasa.

Na juyo ina kallon sa, baki buɗe.

"Baba... ya aka yi ka gani?"

"Ban gani ba. In kiɗan gogen fim ɗin nan ya sauka, matar da ke ciki ta rufe ƙofa, ɗigo na nan." Ya lalubi kujerata ya zauna. "Fina-finai arba'in ne a gidan nan, ba wanda ban haddace kiɗansa ba. Ɗaura faifai kuwa, hannuna ya fi idonki sanin hanya."

"Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun ranar farko."

Shekara bakwai!

"Ka bar ni a nan shekara bakwai, Baba?"

"Tsoro nake ji, ƴata. Na ce in kin san zan iya, wata rana za ki tafi." Muryarsa ta karye. "Ina jin waƙar yaron nan kullum ta tagar ofis. Dodon nan mai ido biyu... ni ne ko?"

"Injinan ne, Baba."

"Ƙarya kike. Makaho ne ni, ba kurma ba."

Na durƙusa na kifa kaina a gwiwarsa. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda ya fi yawa. Ya shafa kaina da hannun nan mai warin man inji.

"Uwarki ba ta yi sallama ba. Ke ki yi mini."

"Sai na dawo, Baba."

"Ki ce wa mai jitar nan, aure a cocinmu za a ɗaura, ni zan riƙe hannunki. Tashi! Saura minti shida!"

Ban san yadda na sauka matakalar ba. Na ratsa titi da gudu, rigar aiki a jikina, ko jaka babu. Na tarar da Wendell tsaye a ƙofar bas, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana rigima da direba. Jitarsa ya ajiye a kujerata don kada kowa ya zauna. Charlene na can baya, da ta gan ni sai jan bakin nan ya saki. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

"Dessa!" Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. "Ɗigon fa?"

"Yana hannun mai shi."

Bas ya ɗau hanya. Huɗu da minti goma, ba tare da na duba agogo ba, hannuna ya tashi da kansa yana neman makunni. Wendell ya kama shi ya riƙe.

Muna sauka na buga wa Baba waya. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba.

"Allo bai yi fari ba," ya ce.