Littafi na Uku Bai Iso Zuru Ba

A gidan Baba Markus, tsohon sajan da ya ajiye kaki ya kama fartanya, suna ɗaya ne ba ya hutawa tun safe. Magdalene, ɗora ruwa. Magdalene, akuya ta kwance igiya. Magdalene, 'yan biyun Leah sun shiga taɓo. Ita kuwa mai sunan amsarta ɗaya ce, “To, Mama,” in abin ya yi nauyi ta ƙara da “Ba komai.” Da “ba komai” hatsi ne, da rumbun gidan nan bai taɓa yin ƙasa ba.

Shekararta ashirin da shida, kuma tana da mai so. Kefas ɗan garin Dabai ne, malamin firamare a Dirin Daji. Damina biyar ya yi yana zuwa da abokansa suna nome wa Baba Markus gona, kamar yadda golmo, wato noman neman aure na ƙasar Zuru, ya ɗora wa duk mai neman 'yar mutane, ya gama har dattawa suka yaba kunyoyinsa. Sau uku ana sa rana, sau uku ana ɗagawa. Na farko yayarta Leah ce ta haifi 'yan biyu. Na biyu gwiwar Mama ta tashi. Na uku Leah ta bi mijinta soja wani bariki a kudu, ta bar yaran “na wata biyu kawai, sista,” ga shi an shekara da rabi. Kowane karo sai Mama ta dube ta da tausayi ta ce, “Ko a ɗan ɗaga?” Amsar kuma kun riga kun san ta, kada ku wahalar da ni.

Ana cikin haka wani littafi ya shigo gidan. Magdalene ta karɓo shi haya a shagon ƙawarta Bilki da ke bakin kasuwa. Ya sha hannu har bangonsa ya tafi, an naɗe shi da jarida. Labari ne mai kashi uku, na wata Farida, budurwar da ba ta iya ce wa kowa a'a ba: dangi suna ta ɗora mata kaya, saurayinta ɗan kasuwa yana gefe yana jira. Mama ba ta yi boko ba, amma Hausar bariki ta zauna mata a kunne, don haka kullum da la'asar sai su baje tabarma a gindin mangwaro, ita da maƙwabciyarta Maman Glory suna ɓarar gyaɗa, Magdalene tana karanta musu.

“Wannan uwar Faridar ba ta tsoron Allah,” in ji Mama, ta wurgar da ɓawo. “Yarinya kamar jaka? Magdalene, ajiye littafin ki duba wake, kada ya kama.”

Ta duba wake ta dawo.

“Ni yarinyar ce ke ba ni haushi,” in ji Maman Glory. “Ba ta da baki ne?”

“Tarbiyya ce, ke ma. Amma dai dangin nan azzalumai ne. Magdalene, kafin ki ci gaba, ɗauko mini man zafi a kan taga.”

Ba su kaɗai suke da ra'ayi ba. Duk wanda littafin ya ratsa hannunsa sai ya bar nasa da biro a gefen shafi. Wata ta rubuta, “Farida ke wawuya ce, daga Rachel 'yar aji biyar.” Wata ta ce, “Sori Farida, haka nake a gidan yayana, na yi kuka.” A ƙasanta wata ta amsa, “To ki tashi mana.” Har wani namiji ya saci jiki ya rubuta, “Saurayin nan ya cika haƙuri, ni da tuni na kama gabana.” Wannan layin Magdalene ba ta karanta wa su Mama ba. Ta dai daɗe tana kallonsa.

Ran Alhamis Kefas ya sauka daga kabu-kabu da ƙurar hanya har gira. Ya shiga ya durƙusa ya gai da Mama, ta sa masa albarka, sannan suka tsaya da Magdalene a bakin zaure.

“Kin rame,” ya ce.

“Kai ma.”

“Ni girkina ne. Ke kuma fa?”

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ya ce ran Lahadi bayan coci kawunnansa za su zo neman rana, kuma innarsa ta rantse wannan ne zuwa na ƙarshe. In an sake ɗagawa, ta ce ba za ta ƙara tura dattawa su sha kunya ba, akwai 'yan mata a Dabai.

“Mama ta ce a bari Leah ta dawo tukun,” Magdalene ta faɗa a hankali.

“Ke kuma kin ce me?”

Ta kau da kai ta dubi cikin gida.

“Magda, kujera biyu na saya a ɗakina. Ɗaya nake zama, ɗayar na jibga mata littattafan yara don kada in riƙa ganinta haka. In na ji ƙarar mashin da yamma sai in leƙa, ko da na san ba ke ba ce. Ban gaji da ke ba. Amma duk ɗagawar nan ba iyayenki suka yi ba, ke aka tambaya. Har na fara tunanin ko ni kaɗai ne mutumin da kike iya ce wa ya jira.”

Ta buɗe baki ke nan sai murya ta taso daga cikin gida, ɗaya daga 'yan biyun ta zubar da kunu. Kefas ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba.

“Je ki, ana kira.”

Ta tsaya tana kallon bayansa har ya kai kwanar masu faci, sannan ta shiga.

Washegari suka ƙare littafi na biyu, daidai inda saurayin Farida ya ba ta kwana uku ta zaɓa. Mama ta ce ba za ta iya barci ba sai ta ji ƙarshe, don haka ran Asabar da hantsi Magdalene ta nufi shagon Bilki.

“Na ukun bai iso ba,” in ji Bilki tana kaɗe ƙura a kan kanta. “Mai kawo muna daga Kano ya ce sai wani wata. Ke ce ta tara da ta tambaya yau. Jiya wasu 'yan makaranta har faɗa suka yi nan, rabi na cewa ta bi shi, rabi na cewa uwa ta fi miji.”

“Ke me kika gani?”

“Mi zan gani? Ni Faridata tana gabana da kwandon cefane.” Ta dube ta sama da ƙasa. “Ƙawata, filis, gobe ki buɗe bakin nan. Wallahi in kika bari malam ya kubce, ni zan rubuta naki littafin, in ba 'yan makaranta haya su zage ki a gefe.”

Magdalene ta yi dariya don kada ta yi kuka. Ta manta ma ba ta miƙa na biyun ba, ta dawo da shi a cikin kwando.

Da la'asar an baje tabarma, Maman Glory har ta zo da kujerarta. Mama ta hango littafi mai bangon jarida, fuskarta ta washe kamar ta yarinya.

“Yawwa 'yar albarka, kin samo na ukun?”

To ga inda halin mutum yake kai shi. Kalma ɗaya ce, a'a, ko ɗan yaye ya iya ta. Amma Magdalene ta ga murnar da ke fuskar uwarta, sai ta ji bakinta ya ce, “Eh, Mama.”

Ta zauna ta buɗe tsakiyar littafin. Babu abin karantawa, dole ta ƙirƙira. Ta fara da kame-kame: Farida ta tashi da safe, ta share tsakar gida, ta ɗora ruwa. Daga nan sai maganar ta fara zuwa da kanta. Farida ta yi wa yaran yayarta wanka. Farida ta tuna ranar da ta kai wa masu noma ruwa a gona, ta tarar da tafin hannun saurayinta ya fashe, ya ɓoye shi a baya don kada ta gani. Farida tana ajiye da zanen da ta saya tun sa rana ta farko, a ƙasan akwati, har ninkin ya fara cin zanen. Kullum in ta kwanta sai ta lissafa shekarun da suka wuce, ta ce a ranta gobe za ta faɗa, gobe kuma sai wani ya kira ta.

“Tsaya,” in ji Maman Glory. “Saurayin ba ɗan kasuwa ba ne? Yaushe ya koma noma?”

“Bar ta ta ci gaba,” in ji Mama. Ta daina ɓarar gyaɗar.

Magdalene ta ci gaba. Farida tana son uwarta, ba ta so ta ga ranar da za a ce ta gudu ta bar ta da ciwon gwiwa. Amma tana son mutumin nan, tana son shi tun ran da ya fara zuwa da fartanya a kafaɗa, kuma gobe in aka ce a ɗaga, shi ke nan, za ta ci gaba da ɗora ruwa a gidan nan har ta tsufa, ba kuma wanda zai san abin da ya mutu a cikinta.

Hawaye ya ɗiga a kan takardar.

“Magdalene,” Mama ta ce a hankali. “Ni ban yi makaranta ba, amma kwana goma ina kallon hannunki. Tun da kika zauna ba ki juya takarda ko ɗaya ba.”

Maman Glory ta tattara zanenta ta ce ta bar tukunya a wuta, ta fice ta bar kujerar.

“Wato ni ce azzalumar uwar,” in ji Mama.

“A'a Mama, ba haka...”

“Sau uku ina tambayarki. Sau uku kina ce mini ba komai. Ni boka ce da zan san cikinki?”

“Kin tambaye ni, Mama, amma kina riƙe da gwiwa kike tambaya. Yaya zan yi?”

Mama ta dubi hannunta, yana kan gwiwar kuwa. Ta janye shi. Idonta ya cika.

“To yau ga hannuna a ƙasa. Bar Farida ta huta. Ke, me kike so?”

Magdalene ta rufe littafin. Ta ɗago ta dubi uwarta.

“Ina son Kefas. Ba na so a ɗaga.”

“Yaran fa?”

“Suna da uwa, Mama.”

Sai aka ji an kashe rediyo a bayan rumbu. Baba Markus ya fito yana gyara hula, ashe duk kwanakin nan labaran duniya da yake cewa yana saurare, Farida yake bi.

“Damina biyar na ci gumin yaron nan,” ya ce. “In na haɗu da kawunsa a kasuwa, layin masu doya nake bi in ɓuya, ni da ban ɓuya wa harsashi ba. Tashi ki sa takalmi, mu je wurin masu waya a kira Leah. Ke za ki yi magana, ni tsayawa kawai zan yi.”

Ba a sha da daɗi ba. Leah ta yi kuka a waya, ta ce ƙanwarta ta canza, ta ce ba ta taɓa zaton son kai daga gare ta ba. Magdalene ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ce, “Sori sista, amma ki zo ki ɗauki yaranki kafin girbi.” Har suka dawo gida tana jin kamar ta yi sata. Mama kuma ba ta kula ta ba sai da safe, da za su tafi coci, ta zo ta gyara mata ɗaurin ɗankwali.

Kawunnan Kefas sun zo da shirin jin “a ɗan ƙara haƙuri,” har babbansu ya ƙi zama sosai a kan kujera. Baba Markus ya ba su Asabar ta biyu a watan Disamba, ya ce in an ɗaga wannan, a zo a kama shi. Dattijon ya sake tambaya don ya tabbata, sannan ya gyara zama ya karɓi ruwa.

Ku 'yan mata masu karatun littafi kuna zagin Farida a gefen shafi, ku ji daga bakin wanda ya fi ku sanin duniya: haƙuri ado ne, biyayya ga iyaye kuma ba ta taɓa kai kowa ga taɓewa ba. Amma shiru ba shi ne haƙuri ba. Uwa ba ta ganin cikin zuciya, kuma wanda ya ce “ba komai” alhali da komai, ya zalunci kansa, ya kuma sa masoyansa sun zalunce shi ba su sani ba.

Kefas yana tsaye a bakin zaure cikin rigar cocinsa lokacin da ta fito da tiren kofuna.

“An ce wai ke kika yi magana,” ya ce.

“Ni ce.”

“Da bakin nan naki?”

“Da shi.”

Ya daɗe yana kallonta, sai ya miƙa hannu ya karɓi tiren.

“Kawo,” ya ce. “Yau ke zauna.”