Darussan Malam Jan Biro

Yana durƙushe a ƙarƙashin tebur yana laluben wayar kwamfuta da ta zare ya ji sallamar mace. Ya ɗago da sauri, ƙeyarsa ta bugu da katako har kofin shayinsa ya yi rawa. Budurwar da ke tsaye a bakin ƙofa ta danne dariyarta da gefen mayafi.

"Sannu. Kai ne Injiniya mai haɗa shafin intanet?"

"Ni ne, ko in ce ragowata," ya ce yana shafa kai.

Ofishin nasa ɗaki ɗaya ne a saman shagon ɗinki, kujeru biyu da fanka mai kuka. Bai taɓa jin kunyar ɗakin ba sai ranar. Ya kaɗe mata kujerar da ba ta girgiɗi, ta zauna, ta ajiye ɗan fulash na kwamfuta a gabansa.

Ta ce Auta ake ce mata, aikin kuma na mahaifinta ne. Malamin Faransanci ne da ya yi ritaya, ɗalibansa suna kiransa Jan Biro saboda hannunsa ba ya tausayin takardar kowa. Yanzu idanunsa sun yi rauni, sai dishi-dishi yake gani. Ita ta zaunar da shi ta ɗauki muryarsa yana karanta darussansa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hoton takardunsa, ta adana komai a tsohuwar kwamfutarsa. Burinsa a ɗora su a intanet, duk mai son koyo ya ɗauka kyauta.

"Abu mai sauƙi," in ji Injiniya. "'Yan kwanaki kaɗan kin ga shafinki."

Da ya san abin da ke jiransa da ya rage cika baki. Amma ina, idonsa yana kan fuskarta, bakinsa yana aikin kansa.

Shafin ya haɗu da kyau. Kafin ya gama haɗuwa, wani abin ma ya haɗu, don Auta takan zo duba aiki ta manta ba ta kalli allon ba. Shi kuma ya fara tambayarta abin da ya riga ya sani, don kawai ya ga saƙonta ya shigo.

"Madam, wane launi kike so a saman shafin?"

"Wanda na gaya maka jiya, Injiniyana. Ko ƙeyar ce har yanzu ba ta warke ba?"

"Ƙeya ta warke. Ciwon ya koma ƙirji."

"To wannan ba Faransanci ke maganinsa ba. Ka zo ka gaida Baba."

Ana gobe zai je gaida Baban ya zauna gwada darussan. Ya danna Animaux, muryar dattijon ta fito tar. Ya danna Le corps, ta fito. Ya danna Leçon première, sai farin allo da rubutu: ba a samu fayil ba. L'été, ba a samu ba. La fenêtre, ba a samu ba. Ya shiga cikin sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya ga fayilolin suna nan zaune lafiya lau, kowanne da sunansa. Duk sunan da ke da alama a kan harafi ko a ƙarƙashinsa ya ƙi buɗuwa, kuma su ne mafi yawa.

Bai damu sosai ba. Ya san abin da kowa ke yi a sana'arsu: a cire alamomin daga sunan fayil, kowa ya huta.

Ya tarar da Malam a falo, cikin kujerar da ke fuskantar taga, rediyo a gefe, jan biro a aljihun gaba duk da ya daina gyara takarda. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, suka taɓa hira, sannan ya kawo shawararsa cikin ladabi.

"Baba, sunayen kawai za a ɗan sauƙaƙa. Abin da ke ciki ba zai canja ba."

Auta da ke ajiye ruwa ta runtse ido.

"Yaro," in ji Malam a hankali, "wutsiyar nan da ke ƙarƙashin c, da hular da ke kan e, da ɗan karan da ke jingine, a kansu na ƙare ƙuruciyata. Na sa yara kuka a kansu. Akwai manyan mutane yau da suke tsallaka titi in sun hango ni saboda su. Yanzu ni zan fito gaban duniya da darasina ba hula ba wutsiya?"

"A'a, Baba."

"Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa ko ɗaya ba."

"Na yi alkawari."

Da ya tura kawunsa neman izinin auren Auta, amsar da ya dawo da ita gajera ce. Malam ya ce ba shi da ƙorafi kan halin yaron ko gidansu. Amma ya ba shi amanar takardu bai iya riƙewa ba, ba zai ɗora masa amanar mutum a kai ba. In darussa sun buɗu da sunayensu cikakku, a dawo a yi magana.

Daga nan Injiniya ya shiga wani hali. Ya gaya wa sabar irin tsarin haruffan da za ta yi aiki da shi, ba ta ji ba. Ya rubuta mahaɗan shafin, wato adireshin da ke kai mutum ga kowane darasi, da lambobi a madadin haruffa masu alama, shiru. Ya goge komai ya sake ɗorawa. Ya tambaya a dandalin masu sana'arsa, waɗanda bai taɓa gani ba suka yi ta ba shi amsa iri ɗaya: canja sunayen mana, mene ne wahalar? Yakan ajiye sunan fayil da sunan da ke shafin gefe da gefe, ya zuba musu ido har hawaye ya taru, bai ga bambanci ko na ƙwayar zarra ba. Ya rame, ya daina karɓar sabon aiki, tela na ƙasa har ya hau ya tambaye shi ko rasuwa aka yi.

"Ka ci abinci?" ta rubuto masa.

"Na ci. Autata, ina ganin abin da idona, ina taɓa shi, amma na kasa miƙa shi. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar yanzu ba."

"Na roƙi Baba har na yi kuka. Ya ce in daina, kukana ba ya buɗe fayil. Ni ma ban san abin yi ba, sai addu'a. Amma ba inda za ni."

Wanda ya ga ƙofa a wannan tsaiko shi ne ɗan gwaggonta, mai shagon sayar da wayoyi, wanda gidan ke kira Yaya Mai Waya. Ya daɗe yana zagaye Auta, kullum da sabuwar waya a hannu da turare mai riga shi shiga ɗaki. Ya ce a ba shi lambar sirrin shafin ya nuna wa yaran shagonsa, ai ba a rasa mai ido. Auta ta ba shi, don a lokacin ko mai gyaran keke ya ce zai iya, za ta ba shi.

Da hantsi wata rana wani tsohon ɗalibi ya kira Malam daga nesa yana murna. Shafi ya buɗu, komai na aiki. Sai ya ƙara da dariya, "Amma Malam, yau ni zan cire maka maki. Na ga leçon ba wutsiya."

Saƙon Auta ya sami Injiniya yana kan matakala.

"Ka yi wa Baba alkawari a gabana. Da ka ce ka gaji, da na fahimta. Ya ce kada ka ƙara taka gidan nan. Ban san me zan ce masa ba, don ban san me zan ce wa kaina ba."

Ya koma ya buɗe shafin. An bi sunayen kaf an aske su. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta, "Wallahi ba ni ba ne," ya tsaya yana kallon kalmomin, ya ga ko shi aka turo wa ba zai yarda ba. Wa ke da shafin in ba shi ba? Bai san ta ba wani lambar ba, ita kuma a ranta Yaya Mai Waya ko fayil bai san yadda ake buɗewa ba, kuma ya yi tafiyar saro kaya. Ya tura saƙon haka nan. Aka karanta, ba a amsa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Mayar da sunayen yana hannunsa, amma in ya mayar darussa su rufe, in ya bari ya tabbata maƙaryaci. Yakan zo ofis ya zauna, fanka na kuka, shi yana kallon kujerar da ba ta girgiɗi.

Bakin Yaya Mai Waya ne ya cece shi. Ya dawo daga tafiya ya zarce gidan da ledar tsaraba, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Kawu, an ga aiki ko? Abin da ya gagari injiniyoyi, yarana kafin shayi ya huce sun gama. Na ce su share 'yan ƙwarin nan da ke kan haruffa, shi ke nan."

Auta ta juya ta kalli mahaifinta. Malam ya zaro jan bironsa ya nuna masa ƙofa da shi.

Ranar saƙon Auta ya shigo wa Injiniya. "Injiniyana, na zalunce ka. Ka yafe mini. Baba ya ce ka zo da kwamfutarka ka mayar masa da sunayensa a gabansa."

"Ban riƙe ki ba, Madam. Amma ki sani, in na mayar za su sake rufewa. Har yanzu ban san dalili ba."

"Na sani. Ka zo dai in gan ka."

Ya zo da la'asar. Malam bai ba shi haƙuri da baki ba, amma ya sa an ajiye masa kujera kusa da tasa. Injiniya ya kwafo fayilolin asali daga tsohuwar kwamfutar dattijon zuwa tasa, ya fara mayarwa, yana ji a ransa da hannunsa yake sake rufe ƙofar aurensa. Auta na tsaye a bayansa tana karanto sunayen.

A kan L'été hannunsa ya goce ya danna maɓallin gogewa. Ya kai yatsa zai gyara, ta riƙe bayan kujerar.

"Tsaya. Me ya sa karan ya tafi, harafin ya zauna?"

Ya duba. Ga e tsirara a ƙarshen sunan. Ya koma kan sunan da shi ya rubuta a shafin, ya danna gogewa, sai harafi da karansa suka tafi tare. Ya sake gwadawa a La fenêtre. A fayil ɗin Malam hula ta fara tashi ta bar kai, a nasa rubutun suka tafi gaba ɗaya.

"Me ake ciki?" in ji Malam. "Na ji kun yi shiru."

"Baba," in ji Injiniya, "kwamfutarka tana rubuta harafi daban, alamarsa daban, sai ta ɗora su. Tawa tana rubuta su a haɗe, abu guda. A ido iri ɗaya ne, amma sabar ba ido take da shi ba, ƙirga abin da aka ba ta take yi. Ni ina aika ta neman guda, ita tana riƙe da biyu."

"To a cire me?"

"Ba za a cire komai ba. Haɗa su kawai zan yi."

Ya rubuta ɗan umarnin da zai bi sunayen ya haɗe kowane harafi da alamarsa, ya ɗora. Bai yarda ya danna da kansa ba, ya ce Auta ta gwada a wayarta. Ta danna Leçon première. Allon ya ɗan yi jim, sai muryar Malam ta cika falon, tana gaida ɗalibai cikin Faransanci.

Dattijon ya karɓi wayar ya kai ta dab da idonsa na dama, wanda ya fi gani. Ya daɗe yana neman abu ɗaya.

"Ga wutsiyar nan," ya ce. Ya goge ido da bayan hannu. "Ka ce wa kawunka ina gida."

An ɗaura aure ba da jimawa ba. Tsofaffin ɗalibai suka cika layin, har da masu tsallaka titi. Yaya Mai Waya ma ya zo, ya fi kowa ɗaukar hoto.

Da za su tafi gidansu suka durƙusa gaban Malam. Ya lalubo kan Auta ya dafa, ya lalubo na Injiniya.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya haɗa kanku yadda ba mai raba ku, Ya ba ku zuriya mai jin magana." Sai ya zaro jan biron daga aljihu ya danƙa wa angon. "Ban taɓa ba ɗalibi goma bisa goma ba. Kai ka ci tara."

"Baba, ɗayan fa?" in ji Auta, tana dariya tana hawaye.

"Yana wurinki. Ranar da kika ga ya cancanta, ki ba shi."

A mota Injiniya ya miƙa mata biron. Ta karɓa, ta jawo tafin hannunsa ta rubuta ɗaya a ciki, sannan ta rufe masa yatsunsa a kai.