Ranar Da Moton Ya Ƙi Tashi

Zulaiha ta murza makulli karo na uku.

Shiru.

Ta sake murzawa. Ko fitilar gaba ba ta kama ba.

Mutum ya fi ɗari biyu a filin da ke bakin kasuwar Katako: masu dakon katako, ’yan jarida da kamarorinsu, ga kuma Madam Zahra’u, wakiliyar asusun da zai ba da tallafi, zaune ƙarƙashin rumfa tana duban agogo.

Shekara biyu ƙungiyarsu ta Numfashi ta yi tana yawon biro-biro a ma’aikatun gwamnati, tana roƙon a sauƙaƙa kuɗin duwan, wato harajin shigo da kaya, a kan moto mai ƙafa uku mai aiki da batir, wanda ba ya shan esansi, wato fetur, ba ya fidda hayaƙi. Yau ce ranar gwaji. In moton nan ya ɗauki katako ya haye gada zuwa Harobanda ya dawo lafiya, asusun zai saya wa masu dako guda arba’in. Zulaiha ce ma’aikaciyar lantarkin ƙungiyar, ita kuma aka zaɓa ta tuƙa.

“Na gaya muku, abin wasan yara ne!” wani ya faɗa daga cikin taro, aka kwashe da dariya.

Ta sauko, ta durƙusa, ta buɗe akwatin batirin da ke ƙarƙashin kujera.

Ta leƙa ciki.

Babu fizibil, ɗan ƙarfen nan da wuta ba ta wucewa sai da shi. Ba ƙonewa ya yi ba, cire shi aka yi, a natse, da hannun wanda ya san abin da yake yi.

Makullin akwatin nan biyu ne a duniya. Ɗaya yana jakarta. Ɗayan yana hannun Zubairu, shugaban masu dakon Katako, wanda yake gwada moton kullum... wanda kuma za a kai kuɗin aurensa gidansu ranar Asabar.

Ta ɗago kai ta neme shi cikin taro. Suna haɗa ido ya sunkuyar da kai.

*

An ɗage taron. Madam Zahra’u ta ce tana Yamai har jibi, daga nan sai ta rubuta abin da idonta ya gani.

Mu’azu, shugaban porjen motocin, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci, ya tarar da Zulaiha ita kaɗai a bayan rumfa.

“Kar ki yi kuka, Zulaiha. Ba laifinki ba ne.”

“To laifin wa?”

Ya yi ajiyar zuciya kamar mai jin nauyin magana, ya miƙo mata wayarsa.

Hoto ne. Moton nasu tsaye a ƙofar shagon babanta, Alhaji Halidu, mai sayar da kayan gyaran injin a Katako. Ga Zubairu, ga Baba, hannu cikin hannu.

“Ran Litinin ke nan,” in ji Mu’azu. “Yaushe Alhaji ya amince da maganar aurenku?”

Ta ƙura wa hoton ido.

“Ran Litinin... da yamma.”

“Wata takwas yana cewa ba zai ba ɗan dako ɗiyarsa ba. Rana ɗaya ya sauya? Ki yi tunani mana. Moto mai batir ba ya buƙatar buji, ba ya buƙatar man juye. In arba’in suka shigo Katako, wa zai yi asara?”

Ta sake duban hoton.

“Ni dai kin san abin da ke raina game da ke tun tuni,” ya ce da taushin murya. “Ban taɓa ɓoye miki ba.”

Ta miƙa masa wayarsa, ta wuce.

*

A rumfar masu dako ta same shi, yana zaune kan tulin katako.

“Zulai...”

“Kar ka kira sunana! Tambaya ɗaya zan yi maka. Kai ka cire?”

Ya miƙe tsaye.

“Ni na cire.”

Ta yi zaton zai musa. Da ya musa ma da ta fi jin sauƙi.

“Innalillahi... Zubairu! Shekara biyu! Ka san sau nawa aka bar ni zaune a ƙofar biro tun safe har azahar? Ka san abin da ake cewa a bayana, wai mace da wayar lantarki sai ta ƙone gari?”

“Ki saurare ni, sanyin idona. Batirin nan...”

“Da ni aka biya ka?”

Fuskarsa ta canza.

“Me kika ce?”

“Na ce da ni Baba ya biya ka? Ka kashe moton, a ba ka Zulaiha! Haka cinikin yake?”

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa suka kaɗa suka yi ja.

“Ashe haka kike ganina.”

“Na ga hoton!”

“To ki je ki tambayi Alhaji. Ni in na faɗa, ba za ki yarda ba.”

Ta juya ta tare tasi. Har suka kai unguwarsu Bobiel ba ta daina share hawaye da gefen mayafi ba.

*

Baba yana tsakar gida yana shan shayin la’asar. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba, don Allah... me Zubairu ya je yi shagonka ran Litinin?”

Ya ajiye kofin.

“Ya gaya miki?”

“Bai gaya mini komai ba.”

“To zauna.” Ya gyara hula. “Da tsakar rana ya shigo da abin naku, da kaya a bayansa. Ya ce, Alhaji, na san ba ka ƙaunata, amma duk Katako babu wanda ya fi ka hancin injin, zo ka sansana mini wannan. Na kai hannu kan akwatin, wallahi sai da na janye. Wari kamar ana ƙona roba. Na ce, wa zai hau wannan ranar taro? Ya ce ke.”

Zulaiha ta ɗago kai.

“Ba zan ɓoye miki ba, ɗiyata, na yi masa tayi. Na ce ya tashi gaban baƙi ya ce abin nan wuta ne, a rufe maganarsa gaba ɗaya, ni kuma in ba shi ke.”

“Baba!”

“Na yi. Shagon nan da shi na ciyar da ku. Kin san me ya ce? Ya ce, Alhaji, motocin nan alheri ne ga yarana, rabin abin da suke samu a esansi yake ƙarewa, ƙirjinsu ya cika da hayaƙi. Ba zan kashe aikin Zulaiha don in sami Zulaiha ba. Amma kuma ba za ta hau shi a haka ba, ko da za ta tsane ni.” Baba ya ɗauki kofinsa. “Na ce a raina, wannan ko dutse yake dako, namiji ne. Shi ya sa na amince.”

Ta so ta yarda. Wallahi ta so.

Amma zuciyarta ta ƙi. Mutum biyu ne, labari ɗaya, kuma dukansu sun sami abin da suke so. Wajen Baba moton bai tashi ba, Zubairu kuma ya sami aure. In batirin yana zafi, me ya sa ita da ta haɗa shi ba ta taɓa ji ba?

“Ba ki yarda ba,” in ji Baba.

“Zan gwada da hannuna, Baba.”

*

Washegari da ƙarfe goma sha biyu, rana na tsakar ka, ta shiga garejin ƙungiyar a Harobanda. Ta sa sabon fizibil, ta sa aka loda wa moton buhunan siminti, ta liƙa ma’aunin zafi jikin batirin. Ba ta zauna kan kujera ba, ta tsaya a gefe ta ɗaure abin ba da wuta, ta bar ƙafafun baya suna juyawa kan ƙarfen gwaji.

Minti goma, lafiya.

Minti goma sha biyar, lambar ta fara hawa.

Minti ashirin... warin roba ya daki hancinta.

Ta kashe da sauri, ta buɗe akwatin da tsumma. Gefen batirin ya kumbura, wayoyi biyu sun fara narkewa.

Ta zauna a ƙasa.

Daga Katako zuwa tsakiyar gada, da kaya, cikin cunkoso, minti ashirin ne.

Sai a lokacin ta dubi akwatin da kyau. Nata na asali mai ramukan shan iska ne, mummuna, da ƙarfen da ta sa aka ƙera. Kwana goma da suka wuce Mu’azu ya sa aka sauya shi da wannan, rufaffe ruf, mai fenti da tambarin asusun, wai don ya yi kyau a hoto. Ta gani, ta yi ƙorafi sau ɗaya, ta bari. Gwaje-gwajenta na baya duk da sanyin safiya ta yi su, kuma babu kaya.

Sannan ta tuna safiyar jiya. Zubairu ya tare ta har sau biyu yana cewa, “Zulai, minti ɗaya,” ita kuma tana cewa, “Bayan taro, don Allah, bayan taro!”

Ta rufe fuska da hannu biyu.

*

Mu’azu yana biro, iska mai sanyi na kaɗa shi. Ta dire masa narkakkiyar wayar kan tebur.

“Zubairu ya gaya maka?”

Ya kalli wayar, ya kalle ta.

“Zulaiha, ki fahimta...”

“Ya gaya maka ko bai gaya maka ba?”

“Ya zo da wata magana ran Talata. Na ce ya bari a sa hannu tukuna, sai a gyara. Tafiya ɗaya ce kawai!”

“Me ya hana shi zuwa wurina tun ranar?”

Ya kawar da kai.

“Mushe Mu’azu, me ka ce masa?”

“Na ce... kin sani. Na ce sa hannunki ne kan takardar gwaji, in magana ta fita ke za a kora.”

“Ka san ni zan zauna kan batirin nan.”

“Ban yi zaton zai kai haka ba, na rantse!”

“Amma ka sami lokacin sa a ɗaukar maka hoto a ƙofar shagon Baba.”

Ta ɗauki narkakkiyar wayar ta fita.

A otal ta sami Madam Zahra’u tana haɗa kaya. Ba ta rage komai ba, har da nata sakacin. Matar ta juya wayar a hannu.

“Kin san da kin yi shiru, da wataƙila na ba ku rana ta biyu, na sa hannu a kan arba’in?”

“Na sani, Madam. Amma mutane ne za su zauna a kai.”

“Arba’in babu ita bana. Zan nemi a ba ku goma, da akwatinki mai ramuka, a gwada su wata shida har da zafin Afirilu. In sun tsira, mu yi maganar saura. Shugaban porjenku kuma, kwamitinku zai ji daga gare ni.”

Goma. Zulaiha ta ji zafin talatin ɗin da suka tafi, amma ta yi godiya.

*

Zubairu yana ɗaure katako a bayan wani tsohon moto lokacin da ta iso. Ya gan ta, ya ci gaba da jan igiya.

“Zubairu...”

“Fofo, Madam,” ya gaishe ta kamar baƙuwa.

Kalmar ta soke ta.

“Na gwada. Minti ashirin ya yi.”

Hannunsa ya tsaya.

“Kin hau?” Ya juyo a firgice. “Zulai, kin hau shi?!”

“A gefe na tsaya.”

Ya sauke numfashi, ya dafa katakon.

“Ka yafe mini,” ta ce. “Maganar da na faɗa maka jiya... ko maƙiyi bai kamata in faɗa wa ba.”

“Ta yi mini ciwo.”

“Na sani.”

“Ban yi barci ba.”

“Ni ma.” Ta share ido. “Amma kai ma ka yi laifi. Aikina ne, rayuwata ce. Ka je wurin Baba, ka je wurin Mu’azu, ni ce ta ƙarshe! Da ka riƙe mini mayafi ka yi ihu, ai da na tsaya.”

Ya sunkuyar da kai.

“Tsoro na ji kar a kore ki. Na san abin da aikin nan yake a wurinki.”

“Daga yau in ka ji wari, ko na batir ko na mutum, ni za ka fara gaya wa.”

“Ko kina cewa bayan taro?”

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

“Ko ina tsakiyar taro!”

“To na ji, masoyiyata.” Ya ɗan yi murmushi. “Asabar ɗin tana nan?”

“In ba ka fasa ba...”

“Ni? Wata takwas ina gaishe da Alhaji yana amsa mini da hanci!”

*

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a Bobiel. Kwamiti ya sallami Mu’azu tun kafin nan, motoci goma kuma suka iso, kowanne da mummunan akwatinsa mai ramuka.

Ranar kai amarya, masu dakon Katako suka ce babu motar da za ta ɗauki kayan ɗakin matar shugabansu. Suka jera goman a ƙofar gida, aka loda gado da katifa da kwanuka, suka tashi a jere ba ƙara, ba hayaƙi, har guɗar mata ake ji daga ƙarshen layi.

Kafin a fito da ita, Baba ya sa aka kira ta ɗakinsa. Ya yi mata nasiha, ya sa mata albarka, tana kuka cikin lulluɓi. Har ta miƙe, sai ya yi gyaran murya.

“Zulaiha.”

“Na’am, Baba.”

“In kin huta da amarci... ki rubuto mini sunayen kayan gyaran abin nan naku. Na share masu kanta ɗaya a shago.”