Mai Shara a Kan Keken Ɗinki

Puleng ta dawo gida unguwar Alexandra da rana tsaka, ta tarar labari ya riga ta isowa, har an ƙulle mata kayanta a zani an ajiye bakin ƙofa. Kawunta Tseko, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, yana tsaye ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Kawu, wallahi ban yanka musu kaya ba..."

"Ko kin yanka ko ba ki yanka ba, wa ya aike ki neman katin Turawa? Ni ba zan ajiye mai hatimin kora a gidana 'yan sanda su kwashe mu duka ba."

Hatimin yana cikin takardar izinin zamanta a birni, an buga shi da ta rasa aiki: cikin kwana uku ta bar Johannesburg, ta koma wani ƙauye da ko a mafarki ba ta taɓa gani ba, wai can ne asalinta.

Shekara tara ta yi a kamfanin ɗinka kwat da sunan mai shara. Amma duk wanda ya san ɗinki ya san haɗa hannun kwat da kafaɗa shi ne wuyar aikin, kuma ƙungiyar ma'aikata ta ce sai mai kati zai taɓa shi, katin kuwa na farar fata ne. Madam Hester, wakiliyar ƙungiyar, ita ce a rubuce mai wannan aiki. Kullum sai ta ja labule, ta zaunar da Puleng a kan keke, ita kuma ta miƙe ƙafa tana shan shayi. Da doka ta sassauta aka ce baƙar fata ma na iya shiga, Puleng ta je da ladabinta ta roƙi kati. Hester ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kati? Na tsintsiya ko na bokiti?"

Washegari aka tsinci kwat goma an tsarge su da almakashi, Hester ta rantse ta ga Puleng a wurin. Da yarinyar ta nemi a saurare ta, sai aka ce ƙungiya ba ta jin ƙarar wanda ba ɗanta ba. Abin tausayi, ko tsintsiyarta ba a bari ta jingine ba aka kore ta.

Kwana biyu tana raɓe a cocin unguwa, ba ta iya cin ko lomar tuwon masara. Ba ta zagi kowa ba, hawaye ne kawai, tana cewa, "Ya Ubangiji, kai ka ga hannun da ya yanka... ni ba ni da kowa sai kai."

A kamfanin kuwa aiki ya tsaya cak. Kwat sun taru ba hannu, ga ɗan kasuwa ya zo ɗaukar kayansa. Mai kamfani ya yaye labulen nan ya ce Hester ta zauna ta haɗa ɗaya a gabansa. Ta zauna tana zufa, ta ɗinka, hannun ya fito a cukuikuye, na hagu a dama. Nan tsohuwa Bettie, Baturiyar da ta fi kowa daɗewa a wurin, ta kashe kekenta ta miƙe.

"Shekara tara muna jin ƙarar keken nan, mun san ƙafar da ke taka shi. Na kuma ga almakashin a hannun Hester, na yi shiru don fatarmu ɗaya. Na ji kunyar kaina."

Keke bayan keke suka yi shiru. Kafin la'asar matan sun tsige Hester daga wakilcinsu, mai kamfani ya nuna mata ƙofa, ta fita ba wadda ta ɗaga kai ta dube ta.

A rana ta uku Bettie ta samu Puleng a tashar jirgi, zaune kan ƙullin kayanta. Ta miƙa mata katin ƙungiya da takardar komawa aiki, wadda za ta soke hatimin korar.

"'Yata, ki yafe mana."

Puleng ta daɗe tana duban katin. An rubuta cikakken sunanta, Puleng Motaung, a ƙasa kuma an sa: tela. Ta share fuska da gefen mayafinta.

"Na yafe, Mama. Amma akwai mu shida a can masu shara, kuma dukkanmu mun iya keke."

"To tashi mu je ki faɗa da bakinki, yanzu dole su saurare ki."

Jirgin ya yi kuka ya ja, Puleng na tsaye tana kallonsa har ya ɓace, sannan ta ɗora kayanta a ka suka juya cikin gari.