Bindigar da Ta Haye Gada

Ko minti biyar Marlene ba ta yi da haye gadar Kogin Delaware ba ɗan sanda ya tsayar da ita, ya nufi aljihun gaban motar kai tsaye kamar shi ya yi ajiyar. Sai ga ƙaramar bindiga cike da harsashi! Takardar izinin riƙe bindiga da Marlene ke da ita ta jihar Pennsylvania ce, kuma duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san da ka haye ka taka jihar New Jersey ta zama takardar banza. Shi ya sa tun rasuwar mijinta Wendell ba ta taɓa hayewa ba sai ta kulle bindigarsa a gida.

"Ranka ya daɗe, wallahi da hannuna na kulle ta..."

Ɗan sandan ya ce, "Kowa haka yake cewa, baiwar Allah. Miƙo hannu."

Wayyo! A gaban 'yarta Josie, 'yar shekara biyar, aka sa mata ankwa, yarinya na ihu tana riƙe da rigarta. Kafin a ce me, sai ga Rhonda, yayar marigayin, wadda jiya-jiya ta je har gida ta gayyace su cin abincin Lahadi. Ta fizge yarinyar tana sharar hawayen da babu su. "Ni dai na sha faɗa, matar nan ba ta isa riƙon jinin ƙanena ba!"

Daga nan duniya ta juya wa Marlene baya. Mako shida tana tsare, gidan tsofaffin da take wa aiki suka sallame ta, matan coci suka samu abin taunawa, kotu ta damƙa Josie a hannun Rhonda, ga ɗaurin shekaru yana jiran ta. Idan Marlene ta samu waya sai ta kira Rhonda ta yi ta roƙo, "Yaya, ki dubi Allah, muryarta kawai zan ji..." Rhonda ta ce, "Ta ma daina tambayarki," ta kashe. Haka Marlene za ta durƙusa tana kuka, "Ya Ubangiji, Kai ne shaidata, kar Ka bari marainiyar nan ta tashi tana ganin uwarta mai laifi!" Ni kaina idan na tuna sai zuciyata ta karye.

Ran da aka ba da belinta ta wuce gida tare da lauyarta, wata tsohuwa mai suna Pruitt. Marlene ta buɗe akwatin ƙarfen da take kulle bindiga a ciki... ga bindigar Wendell kwance inda ta bar ta! Tsohuwa ta tafa hannu. "To 'yar nan, ta motar kuma ta wace ce?"

Aka bi lambar bindigar motar har shagon da ya sayar. Rhonda sarkin wayo ta nemo iri ɗaya sak ta cusa a motar ran da ta je gayyata, ta ɗauka ba mai duba lamba tunda kowa ya san Wendell yana da irinta. Ta manta ba a fita da bindiga daga shago sai an cike takardar gwamnatin tarayya, ga sunanta raɗau da sa hannunta. Kiran da aka yi wa 'yan sanda aka tsegunta musu ma daga wayarta ya fito. A kotu ankwa ta koma hannun mai ita, alƙali ya aika da Rhonda kurkuku.

Da aka shigo da Josie, Marlene ta zube ta buɗe hannuwa, amma yarinyar ta tsaya nesa tana wasa da yatsunta.

"Mama... kin huce? Gwaggo ta ce don ina ƙiriniya kika tafi. Na daina, Mama."

Marlene ta rarrafa ta rungume ta tana kuka. Da ƙyar ta iya cewa, "Ba ki yi komai ba, uwata. Zo mu tafi gida."